Shin sa sunan shago a kundin adireshi na intanet yana kawo kwastoma?

Mai Gyaran Firji, Hotoro

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan harka, domin akwai maganar da zan yanke kafin ƙarshen wata, kuma ba na son in yi cinikin biri a sama.

Sana'ata gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ce, ina da ɗan shago a Hotoro cikin Kano, tare da yara uku da nake koya wa aiki. Tun da na buɗe shagon, kusan duk aikin da nake samu ta hanyar sanayya yake zuwa: in yi wa mutum gyara ya ji daɗi, shi kuma ya ba maƙwabcinsa ko surukinsa lambata. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya tsananta, aiki yakan fi ƙarfinmu, amma da zarar hunturu ya kankama sai mu wuni a kan benci muna kallon masu wucewa.

Makon jiya wani matashi ya zo shagon da kati rataye a wuya da takarda mai sheƙi a hannu. Ya ce kamfaninsu yana da shafi a intanet inda ake jera sunayen masu sana'a da adireshinsu da lambobin wayarsu, kuma idan na biya kuɗin shekara za a ɗora ni a sahun farko, yadda duk wanda ya nemi mai gyaran firji a Kano ni zai fara gani. Kuɗin da ya ambata ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na hayar shagona ta shekara. Tambayata ita ce: akwai wanda ya taɓa samun kwastoma na gaske ta irin waɗannan shafuka, wato wanda ya kira, ya kawo aiki, ya biya? Idan akwai, na kuɗi ne suka kawo shi ko na kyauta?

Tsohon Ma'aikacin Tarho, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa sana'a albarka. Ni ba masanin intanet ba ne, amma na yi zamani da kakan wannan abin da aka kawo maka, wato kundin lambobin tarho na zamanin NITEL, tsohon kamfanin tarho na gwamnati, lokacin da lambar Kano take farawa da 064, ta Kaduna kuma da 062. Littafi ne mai kauri, za ka same shi a kan teburin sakatare a kowane ofis da kuma wurin karɓar baƙi a otal, sau da yawa bangonsa ya yage saboda yawan buɗawa. Abin da ya ba shi daraja shi ne cewa shi kaɗai ne, kuma kowa ya san nan ake dubawa. Da wayar salula ta shigo a 2001, mutane suka koma ajiye lambobi a cikin aljihunsu, littafin ya zama abin da ake kunna wuta da shi.

Saboda haka abin da ya kamata ka tambayi yaron nan ba sahun da za a sa ka ba ne, a'a, ka tambaye shi su wane ne suke buɗe shafin. Rumfar farko a kasuwar da ba ta ci ba ta fi ta ƙarshe da komai ba. Kafin ya dawo, ka ari wayar wani wanda bai taɓa shiga shafin nasu ba, ka rubuta abin da mai firjin da ya lalace zai rubuta, da Hausa sau ɗaya da Turanci sau ɗaya, ka ga ko sunan shafin nasu zai fito ba tare da ka yi ta gangarawa ƙasa ba. Idan bai fito ba, to ka sami amsarka ba tare da ka kashe sisi ba.

Mai Haɗa Shafukan Intanet, Gwarinpa

Baba ya faɗi ainihin maganar, ni dai zan ɗan ƙara bayani ne daga ɓangaren aikina, domin abubuwa uku ne mabambanta ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, kuma rashin rarrabe su ne yake sa wani ya ce abin yana aiki, wani ya rantse ba ya yi.

Akwai kundin adireshi na gama-gari, irin su Finelib da BusinessList a nan Najeriya, waɗanda suke tara sunayen kamfanoni da shaguna bisa ga sana'a da gari. Akwai shafukan talla irin Jiji, wanda ya saye harkar takwaransa OLX ta Najeriya a 2019, inda mutum yake sa kaya ko aiki ɗaya-ɗaya da farashi, kuma mai shiga can da niyyar saye yake shiga. Sai kuma rajistar shago a kan taswira, wadda mafi shahararta ita ce Google Business Profile, da ake kira Google My Business kafin a canza mata suna a 2021. Abin da aka kawo wa Malam na farkon ne, kuma a ganina shi ne mafi ƙarancin amfani ga mai irin sana'arsa. Dalili kuwa, mutane sun daina shiga kundi su bi jeri suna dubawa tun da injin bincike ya iya kai su kai tsaye ga abin da suke nema. Hatta manyan da suka fara wannan harka sun naɗe tabarmarsu: Yahoo ya rufe kundinsa a ƙarshen 2014, wani babban kundi mai suna DMOZ ya bi bayansa a 2017, littafin Yellow Pages na Birtaniya kuma an daina buga shi a takarda a farkon 2019.

Na ukun shi ne nake ba ka shawarar ka mai da hankali a kai, kuma kyauta ne. Ka ɗauka wata baiwar Allah ce ta tare a sabon gida a Tarauni, ba ta san kowa a unguwar ba, ta buɗe firiza da safe ta tarar naman da ta ajiye ya fara saki. Ba za ta tsaya neman kundi ba. Za ta rubuta buƙatarta a waya, sai taswira ta fito da shaguna kamar uku a sama, kowanne da maɓallin kira a gefensa. Google ya bayyana cewa abubuwa uku yake dubawa wajen zaɓar waɗanda zai nuna: dacewar sana'arka da abin da aka nema, kusancinka da mai neman, da kuma yadda aka san ka, wanda sharhin kwastomomi yana cikin abin da ake auna shi da shi. Ya kuma faɗa ƙarara cewa ba a biyan kuɗi don a sami matsayi a wannan jeri, ban da talla wadda ake rubuta mata alamar cewa talla ce. Wannan yana nufin kai da kake Hotoro kana da wata dama a kan babban kamfanin da yake Sabon Gari idan mai neman yana kusa da kai, damar da kuɗi ba ya saye.

Amma akwai wuraren da mutanenmu suke tuntuɓe. Na farko, kada ka yarda wani ya buɗe maka rajistar da adireshin imel ɗinsa. Na sha ganin mai shago ya zo wurina yana son a gyara masa lambar waya, sai a tarar wanda ya buɗe masa shekarun baya ya bar gari, shi ne kuma yake riƙe da mabuɗin. Ka buɗe da naka, idan kana son wani ya taimaka maka sai ka ƙara shi a matsayin mai kula kawai, kai ka zauna a matsayin mai shi. Na biyu, tantancewa. Da can wasiƙa ake aikowa da lambar sirri, abin da yake da wuya a unguwannin da gidaje ba su da lamba, amma yanzu sau da yawa bidiyo ake nema, inda za ka nuna titi da allon shagonka da kayan aikinka, da wani abin da zai tabbatar kai ne mai wurin, kamar buɗe ƙofa da mabuɗinka. Saboda haka idan ba ka da allo mai ɗauke da sunan shagon, ka fara yin sa. Sunan da ke allon shi za ka rubuta daidai, kada ka cusa masa kalmomi irin su “mafi araha a Kano”, domin hakan ya saɓa wa ƙa'idarsu kuma yana iya jawo a dakatar da rajistar.

Sai maganar kwatance, wadda ita ce babbar matsalarmu. Adireshin da muka saba da shi shi ne “bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi”, kuma na'ura ba ta gane wannan. Ka tsaya a ƙofar shagonka da kanka ka dasa alamar wurin a taswira, kada ka bar ta ta zaɓa maka, domin takan jefa mutum tsakiyar unguwa. Akwai kuma abin da ake kira Plus Code, 'yan haruffa da lambobi da alamar tarawa a tsakiya, waɗanda suke nuna daidai inda kake ko da titinku ba shi da suna. Za ka iya sa shi a kan rasit ko ka tura wa kwastoma.

Kundin gama-gari kuwa, idan na kyauta ne babu laifi ka sa sunanka a biyu ko uku, da sharaɗin suna da adireshi da lamba su zama iri ɗaya a ko'ina, harafi da harafi. Amfaninsu dai shi ne su zama shaida cewa kana nan, ba wai su kawo maka ciniki da kansu ba.

Ɗan Kwari

Ina girmama bayanin injiniya, amma ina so in ja hankali kada a ɗauka wannan magani ne na kowace cuta. Ni a Kantin Kwari nake sayar da atamfa da shadda, kuma wani ƙanena ya sa shagonmu a taswira da wasu shafuka biyu tun da daɗewa. Har yau ban ga mutum ɗaya da ya shigo ya ce ta can ya same mu ba. Ban kuma yi mamaki ba. A Kwari shaguna a kan juna suke, bene hawa biyu ko uku, ƙofa na jikin ƙofa, alamar taswira ba za ta bambanta ni da maƙwabcina da muke raba bango ba. Baƙon da ya zo daga Maraɗi ko Damagaram ko Anjamena ba waya yake tambaya ba, yana da mai masaukinsa ko dillalin da ya saba da shi tun zamanin mahaifinsa, shi zai riƙe hannunsa ya kawo shi gida kaza, layi kaza. Kuma cinikinmu da yawansa a kan amana yake tafiya, a ba ka dila ka tafi ka sayar ka aiko da kuɗi. Taurari biyar na yabon kwastomomi a waya ba za su sa in ba wanda ban sani ba kayan miliyoyi bashi ba, shi ma ba za su sa ya tura mini kuɗinsa kafin ya ga kaya ba.

Abin da ya canza mana kasuwa da gaske WhatsApp ne. Sabon zane ya sauka da safe, kafin azahar hotonsa ya isa wurin kwastomomina na Yola da Sakkwato, su zaɓa, a kai musu tasha. Amma ka lura, waɗannan duk mutanen da suka riga suka san ni ne. Don haka ina ganin amsar ta danganta da irin mai sayenka. Idan wanda zai neme ka baƙo ne da matsala ta same shi farat ɗaya, kamar mai neman makanike ko kemis ko masauki, to na yarda da injiniya. Mai gyaran firji yana cikin wannan sahu, ni ba na ciki.

Mai Kayan Gara, Zariya

Assalamu alaikum. Malam, ni gargaɗi zan yi, domin na ɗanɗana kuɗata a kan wannan abu. Ina yin alkaki da dubulan da nakiya da cincin na biki a gida, kuma shekarun baya wata 'yar ƙanwata ta sa ni a wani kundi na kyauta, da kyakkyawar niyya, ta rubuta cikakken kwatancen gidanmu da lambata. Oda ba ta zo ta can ba ko sau ɗaya, amma kira ya zo. Masu cewa na ci kyauta, masu tallar bashi, da waɗanda suna jin muryar mace sai zancen ya koma wani abu daban. Wata rana bayan isha'i wani ya yi sallama a ƙofar gida wai ya zo ganin kaya, maigidan ne ya fita ya sallame shi, kuma daga ranar ya ce a cire. A nan muka gane cirewar ta fi sakawar wuya, domin yarinyar ta manta kalmar sirrin, saƙon da muka aika wa masu shafin kuma ba a amsa ba, sannan muka tarar wasu shafuka biyu da ba mu taɓa jin sunansu ba sun kwafi bayanin sun sa a nasu.

Daga baya wayata ta ɓata, na yi sakaci ban je an dawo mini da layin ba har ya daɗe a rufe, sai aka sake sayar da shi ga wani. Yanzu haka tsohuwar lambar tana nan a waɗancan shafuka a ƙarƙashin sunan sana'ata, wani bawan Allah da ban sani ba ne yake ɗagawa. Na san haka ne domin wata tsohuwar kwastomata da ta canza waya ta nemi sunana a intanet, ta kira, namiji ya ce mata ba ya sayar da alkaki. Sai a wurin wani suna muka haɗu take ba ni labari, bayan ta riga ta ba wata aikin bikin 'yarta.

Kai da kake da shago a bakin titi ba ka da matsalar kwatancen gida, amma maganar layi ta shafe ka. Ka ware layi ɗaya na sana'a, wanda aka yi wa rajista da sunanka kuma aka haɗa da lambar NIN ɗinka, kada ka sa na yaron shago wanda gobe zai iya yaye kansa ya tafi da kwastomominka a aljihu. Kuma ka rubuta duk inda ka sa sunanka da kalmar sirrinsa a littafi. Ga 'yan'uwana mata masu sana'a a cikin gida, shawarata kada a sa kwatancen gida ko kaɗan.

Mai Haɗa Shafukan Intanet, Gwarinpa

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya same ki ya zama ruwan dare, domin wasu kundayen ba sa jiran a kawo musu bayani, kwafa suke yi daga junansu don jerinsu ya yi tsawo. Ga masu aiki daga gida, rajistar taswira tana da zaɓin ɓoye adireshi, a nuna yankin da mutum yake kai kaya ko yake zuwa aiki kawai, misali Zariya da Samaru da Sabon Gari, ba tare da alama a kan gidan ba.

Na kuma yarda da Alhaji na Kwari, sai dai zan ƙara abu ɗaya. Ko wanda aka ba lambarka ta hanyar sanayya, idan ɗan boko ne ko ma'aikacin ofis da zai kashe kuɗin ma'aikata, yakan duba sunanka a waya kafin ya kira. Idan ya ga hoton shago da lokacin buɗewa da sharhin mutum biyar ko shida, hankalinsa yakan kwanta. Irin wannan ba zai taɓa ce maka ta intanet ya same ka ba, alhali ta taimaka. Game da sharhin, Malam, ka roƙi waɗanda ka yi wa aiki da gaske su rubuta, ko da layi ɗaya ne da Hausa, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da firjin ya fara sanyi suna tsaye suna murna. Kada ka saya, kada kuma ka sa yaranka su rubuta, domin ana goge na bogi. Sannan kada ka jingina komai naka a wuri ɗaya: a 2024 Google ya rufe ƙananan shafukan kyauta da yake ba masu rajista, ya kuma cire hanyar tura saƙo ta cikin rajistar, waɗanda suka dogara da su kaɗai sai da suka sake lale.

Mai Gyaran Firji, Hotoro

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na yi gwajin da ka ce da wayar maƙwabcina mai walda. Shafin nasu bai fito ba da Hausa, da Turanci kuma sai da na gangara sosai na gan shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne taswirar ta nuna masu gyara uku, ɗaya daga cikinsu yaron da muka koyi aiki tare ne a wurin maigida ɗaya, shagonsa bai kai nawa ba, amma ga hotonsa nan da tukunyar gas a gaba da sharhin mutane a ƙasa. Na kira shi, ya ce yana samun kira ta can, musamman daga sababbin unguwanni da masu gidajen haya, sai dai wasu farashi kawai suke tambaya su kashe.

Matashin ya dawo jiya, na tambaye shi mutum nawa ne daga Kano suke shiga sashen masu gyara a wata, na kuma roƙe shi lambar mai sana'a ɗaya da ya biya bara ya sake biya bana don in ji daga bakinsa. Ya ce zai tambayo ofis ya kira ni. Kuɗin dai na riga na kai wani ɓangare wurin mai rubuta allo, domin nawa rana ta cinye shi har sunan ba ya karantuwa, kuma na sayi littafi na ce wa yara duk wanda ya kira ko ya kawo aiki a tambaye shi wa ya ba shi lambarmu a rubuta, daga yanzu har ƙarshen zafi.

Injiniya, saura tambaya ɗaya. A wurin zaɓen nau'in sana'a na ga gyaran kayan lantarki na gida daban, gyaran na'urar sanyaya ɗaki daban, ni kuma duka biyun nake yi, ko da yake firji ya fi yawa a damina da hunturu, na'urar ɗaki kuma a bazara. Wanne zan sa a matsayin babba, kuma idan na riƙa canzawa bisa ga yanayi, hakan zai sa a sake neman in yi bidiyon tantancewa?